Wai Bishop Ajayi Crowther ne ya fara rubuta Hausa da boko?

Sadiku_Tudunwada:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shekaranjiya ina dawowa daga Anacha da kaya, motarmu ta ratsa ta cikin Lakwaja. Wani dattijo da muke kujera ɗaya ya ce min a garin nan makarantar boko ta farko a duk Arewa take, kuma Bishop Samuel Ajayi Crowther ne ya kafa ta. Bai tsaya nan ba, ya ce wai shi wannan bishop ɗin, Bayarabe, shi ya fara rubuta Hausa da haruffan boko. Na yi ta yi masa musu har muka kusa Abaji, amma tsakani da Allah musun banza ne, don abin da aka koya mana a firamare bai wuce layi biyu ba: bawa ne da ya zama bishop, ya fassara Baibul zuwa Yarbanci. Masu tarihi, ku raba mu.

Ɗan_Gwandu:
Wa alaikumus salam. Hausa dai da ajami muka san ta tun kafin a san da wani boko. Waƙoƙin Nana Asma'u da na malaman jihadi da me aka rubuta su?

Sadiku_Tudunwada:
Ai ba ajami nake nufi ba ɗan'uwa, boko na ce.

Malam_Tanimu:
Dattijon ya ci rabi ya faɗi rabi. Maganar makaranta tana da tushe, makarantar Holy Trinity ta Lakwaja a 1865 aka kafa ta ƙarƙashin mishan ɗin da Crowther yake jagoranta, kuma ita ake lissafawa ta farko a yankin da daga baya aka kira Arewacin Najeriya. Amma maganar rubuta Hausa, wannan aikin abokin tafiyarsa ne, James Frederick Schön, Bajamushe da yake wa ƙungiyar CMS ta cocin Angilikan aiki. Tare suka shigo kogin Kwara a 1841, cikin ayarin jirage uku da gwamnatin Ingila ta turo, kuma an ɗora musu su biyun koyon Hausa saboda tafiyar. Schön ne ya riƙe Hausar har ƙarshen rayuwarsa: ya fitar da littafin kalmomi a 1843, nahawu a 1862, ƙamus a 1876, sannan Magana Hausa a 1885. Shi Crowther ƙarfinsa Yarbanci ne, sai kuma ya yi wa Ibo littafin koyon karatu a 1857, ya yi wa Nufanci a 1860, ya ƙara da nahawun Nufanci da kalmominsa a 1864. Saboda haka Sadiku ka ci musun Hausa, dattijo ya ci na makaranta.

Issoufou_Damagaram:
Malam Tanimu, ka manta da namu. Shi Schön ɗin a bakin wa ya sha Hausar? Dorugu ne, yaro daga wajen Kance nan ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta yana ƙarami. Barth, Bajamushen nan matafiyi, ya tafi da shi Turai a 1855 tare da Abbega, wani 'yantaccen bawa. Schön ya zaunar da shi, yana ba da labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi, shi kuma yana rubutawa. Babban kason Magana Hausa bakin Dorugu ne. Kullum a ambaci mai alƙalami a bar mai harshe.

Malam_Tanimu:
Gaskiyarka Malam Issoufou, na karɓi gyara. Dorugu a Kano ya ƙare rayuwarsa, har ya koyar a makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa. Abbega kuwa daga baya sarautar Lakwaja ya yi.

Hauwa_Kulu:
Ni dai ku ba mu labarin mutumin daga farko don Allah. Yaya aka yi bawa ya zama bishop a zamanin da Bature ko hannu ba ya son haɗawa da baƙar fata?

Bitrus_Wusasa:
Bari in gwada, Hajiya Hauwa, don mu a coci kusan haddar labarin nan muka yi. An haife shi wajen 1809 a wani gari da ake kira Osogun a ƙasar Oyo, sunan yankansa Ajayi. A 1821 mahara suka faɗa wa garin da safe, suka kama shi da mahaifiyarsa da ƙannensa mata, aka raba su. Shi da kansa ya rubuta cewa an taɓa musanya shi da doki, da dokin bai gamshi mai shi ba aka fasa cinikin aka dawo da shi. Haka ya yi ta sauya hannu har ya isa Ikko, aka sayar wa Turawan Fotugal. A Afrilun 1822 jirgin nasu bai ko yi nisa da gaɓa ba sojojin ruwan Ingila suka tare shi, don lokacin Ingila ta riga ta haramta fataucin bayi ta teku. Abin dariya abin tausayi, da aka hau da su jirgin Ingilishi ya ga tulin harsasan igwa sai ya ɗauka kawunan 'yan'uwansa ne, ya ga naman alade a rataye ya ce shi ke nan an fara yanka su.

Aka sauke su a Saliyo. Cikin wata shida ya iya karatu. Ranar 11 ga Disamba 1825 aka yi masa baftisma, ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan, Samuel Crowther. Da aka buɗe kwalejin Fourah Bay a 1827 shi ne ɗalibin farko a rajista. Matarsa Asano ita ma 'yantacciyar baiwa ce. Bayan tafiyar 1841 da Malam Tanimu ya faɗa, wadda zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40 a cikinta, sai manyan CMS suka gane aikin nan ba zai yiwu ba sai da 'yan ƙasa. Suka karanta littafin tafiyar da Crowther ya rubuta, suka kira shi Landan, aka naɗa shi limami a 1843.

Wurin da yake sa tsofaffinmu hawaye shi ne 1846. An tura shi Abekuta, sai ga mahaifiyarsa da rai, bayan shekara 25 da rabuwa. Daga baya aka yi mata baftisma ta ɗauki sunan Hannatu. Ranar 29 ga Yuni 1864 kuma aka keɓe shi bishop a babban cocin Kantabari, baƙar fata ɗan Afirka na farko a darikar Angilikan, jami'ar Oksfod ta ba shi digirin dakta. Kyaftin ɗin jirgin da ya ceto shi a 1822, Henry Leeke, yana zaune cikin cocin a ranar, ya tsufa ya zama babban hafsa.

Hauwa_Kulu:
Allahu Akbar. Wannan haɗuwa da uwa ta taɓa ni. Shekara 25! Ni ɗana wata uku ya yi a sansanin bautar ƙasa na rame.

Gaskiya_Ɗaci:
Yaya Bitrus ka yi wayo, ka ce "mahara" ka wuce. Su waye maharan? Faɗi mana.

Bitrus_Wusasa:
Ban so in tayar da ƙura ba ne. A rubutunsa ya ce Musulmi ne, Yarabawan Oyo da Fulani. Lokacin daular Oyo tana rugujewa, yaƙi ko'ina.

Ɗan_Gwandu:
To ga shi nan. Dama na san nan za a zo. Duk labarin mishan sai an nemo inda za a shafa wa Musulmi baƙin fenti.

Malam_Tanimu:
Haba Ɗan Gwandu, ba fenti ba ne, abin da ya faru ne. Kuma in ka bi sarƙar har ƙarshe babu wanda ya fita da farin riga. Musulmi suka kama shi, 'yan kasuwar Yarabawa masu bin addinin gargajiya suka yi ta cinikinsa hannu zuwa hannu, Kiristocin Fotugal suka saya suka sa masa mari a wuya. Ingilishin da suka cece shi kuwa su ne suka fi kowa jigilar bayi a ƙarni na 18. Dorugun da muka gama yabo yanzu Bahaushe ne, wa ya kama shi? Ba Bature ba ne. Gara mu iya faɗin wannan da bakinmu.

Ɗan_Gwandu:
Na ji. Amma a riƙa faɗin duka kamar yadda ka yi yanzu.

Ndagi_Bida:
Ku bar ni in shigo, don mu Nufawa muka zauna da mutumin nan, ba ku ba. Ku Hausawa labarinsa kuka ji, bai taɓa taka Kano ko Sakkwato ba. A 1857 jirginsu mai suna Dayspring ya daki dutse ya fashe kusa da Jabba, suka daɗe a ƙasarmu suna jiran wani jirgin, a nan ya samu sukunin nutsewa cikin Nufanci. Bayan haka ya riƙa zuwa Bida gaishe da Etsu Masaba, yana kai masa tsaraba, suna zama su yi magana. Masaba bai bar Musulunci ba, shi ma bai bar nasa ba, amma an ba shi wurin zama a bakin kogi. Kowa da abin da yake nema: Etsu yana son ciniki da jiragen Turawa da bindigogi, bishop yana son izinin kafa tasha.

Abin da ya fi burge ni shi ne na Etsu Maliki, wanda ya hau a 1884. Da giyar Turawa ta fara malala cikin ƙasar Nufe, wa ya aika wa takarda? Bishop Crowther. Ya kira shi uba, ya yi kuka da barasa cewa ta lalata masa ƙasa ta haukata mutane, ya roƙe shi ya kai kuka wajen Sarauniyar Ingila a hana kawo ta. Sarki Musulmi yana neman limamin Kirista ya taya shi yaƙi da giya. Takardar nan ta yi yawo sosai a Ingila wajen masu fafutukar hana cinikin barasa a Afirka.

Sadiku_Tudunwada:
Kai! Wannan ban taɓa ji ba. Me ya sa ba a sa irin wannan a littafin makaranta?

Baban_Ummi:
Saboda babu faɗa a ciki. Mu abin da ba faɗa ba ya sayuwa.

Ustaz_Nura:
Ina ganin kada mu wuce gona da iri wajen yabo. Mutumin nan ba yawon zumunci ya zo ba, ya zo ne ya mayar da mutane Kirista, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba. Ladabin da yake wa sarakuna dabara ce ta aiki. Ina girmama ƙoƙarinsa na ilimi, amma a kira abu da sunansa.

Rabaran_Ishaya:
Ustaz, ba wanda zai musa maka, shi ma bai taɓa ɓoyewa ba. Mai wa'azi ne, kamar yadda kai ma in ka je ƙauyen da ba Musulmi da'awa za ka yi. Abin dubawa shi ne yadda ya yi ta. Akwai labarin da ya bayar da kansa cikin ɗan littafinsa da aka buga a 1892 bayan rasuwarsa, kan zamansa da Musulmi da masu addinin gargajiya. Yana matashin malami a Saliyo ya ga wani yaro Musulmi a aji da laya a wuya, sai ya tsinke ta ya ce a mayar gida. Uban ya zo a fusace. Crowther ya ce to a tara malamai a yi muƙabala. Ya zo da Baibul da fassarar Alƙur'ani, ya shirya hujjoji kamar lauya. Malaman suka ƙi shiga gardamar, suka tsaya kan magana ɗaya: Allah ba shi da ɗa. Ya koma gida yana ganin ya yi nasara a baki amma ko mutum ɗaya bai motsa ba. Daga nan ya daina wannan salon.

Ku kwatanta da 1872 a fadar Sarkin Ilori. Aka tara malamai, aka yi masa tambayoyi kan Annabi Isa. Maimakon ya fara da abin da zai raba, ya buɗe Linjilar Luka inda mala'ika Jibrilu ya zo wa Maryamu da albishir, abin da kowa a fadar ya sani. Duk tambayar da aka yi sai ya karanto aya, ba ya ƙara nasa, ba ya zagin kowa. A ƙarshe suka nemi ya yi wa sarki addu'a a rubuce. Ya buɗe littafin addu'ar Angilikan ya nuna musu addu'ar da ake wa Sarauniya, ya ce a wajen ƙasarta sunan sarkin wurin ake sawa. Fada ta ce addu'ar ta yi. Ba wanda ya tuba, ba wanda aka jefa.

Ustaz_Nura:
Rabaran, wannan na yarda, ya fi abin da wasu masu lasifika suke yi mana yau, namu da naku. Ni ma na taɓa tsinke wa ƙanena laya ina sabon dawowa daga karatu, kakarmu ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwata.

Baban_Ummi:
Ashe Ustaz da bishop layinku ɗaya, hhhh.

Gaskiya_Ɗaci:
Ku dai kuna ta daɗin baki. Ni a wurina ɗan share fagen mulkin mallaka ne. Duk inda ya kafa tasha, jirgin ciniki ya biyo, bayan jirgin ciniki jirgin yaƙi. A 1851 ya je gaban Sarauniya Biktoriya ya yi bayanin halin da Ikko take ciki, ƙarshen shekarar nan jiragen Ingila suka yi wa Ikko ruwan wuta suka tsige sarkinta Kosoko. Lakwajar da kuke yabon makarantarta, a nan Lugga ya ɗaga tuta ranar 1 ga Janairu 1900. Bidan da Ndagi yake magana, sojojin kamfanin Neja ne suka ci ta a 1897. Wa ya nuna musu hanya?

Ndagi_Bida:
A 1897 ya shekara biyar a kabari, ɗan'uwa.

Gaskiya_Ɗaci:
Wanda ya share gona ba lallai ya ga girbi ba.

Malam_Tanimu:
Gaskiya Ɗaci yana da hujja a maganar Ikko, ba za a share ta ba. Crowther ya goyi bayan a sa ƙarfi a kan Kosoko saboda cinikin bayi, kuma mutumin da aka taɓa ɗaure shi a wannan gaɓar ba za ka yi mamaki ba. Ya yi imani cewa cinikin auduga da manja zai kashe cinikin mutane, wannan ra'ayin ubangidansa ne Henry Venn, sakataren CMS. Amma burin Venn shi ne coci ta tsaya da ƙafarta, 'yan ƙasa su riƙe ta, su ciyar da ita, su yaɗa ta, Bature ya tattara ya tafi. Shi ya sa ya dage sai an naɗa Crowther duk da adawar Turawan mishan irin su Henry Townsend na Abekuta, waɗanda suka ƙi zama ƙarƙashin baƙar fata. Sai aka yanka masa yanki ta yadda Ikko da Abekuta ba sa ciki, wato bishop Bayarabe ba shi da iko a kan mishan ɗin ƙasar Yarabawa. Da mulkin mallaka na gaske ya iso, shi ya fara murƙushewa. Venn ya rasu a 1873. Kamfanin Neja na Bature Goldie ya samu izinin sarauta a 1886, ya ture 'yan kasuwa baƙaƙe daga kogin, yawancinsu mutanen Saliyo da Ikko. Iskar da ta ture 'yan kasuwa ita ta ture limaman.

Hauwa_Kulu:
Ture su kamar yaya? Ba bishop ba ne?

Rabaran_Ishaya:
Wannan shi ne tabon da cocinmu take ɗauke da shi, Hajiya. A 1890 wasu samarin Turawa suka iso kogin, cikinsu akwai Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson. Zafin addini gare su, suna sa riga da rawani irin na Hausawa, burinsu su kutsa ƙasar Hausa. Suka dubi ma'aikatan Crowther suka ce duk lalatattu ne. A watan Agusta aka yi taron kwamiti a Anacha, tsoho yana kan kujerar shugabanci, sakataren kwamitin, Bature da bai kai ɗansa ba, ya riƙa dakatar da limaman da bishop ya naɗa da hannunsa. Har ɗansa Dandeson, wanda yake babban dikin, aka dakatar a gabansa. Mutum ya haura 80, ya shekara 26 yana bishop. Ya ajiye shugabancin kwamitin. Shanyewar jiki ta kama shi, ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba 1891. Bature aka naɗa a gurbinsa. Baƙaƙe sai mataimakan bishop aka riƙa ba su, sai a 1952 ɗan ƙasa ya sake riƙe dayosis, wato yankin bishop, tasa ta kansa, Bishop Akinyele a Badun.

Maman_Grace:
Wannan labarin duk lokacin da na ji sai ya tuna min da kaina. Na shekara 19 a wata makarantar kuɗi, ni na fara ta da aji biyu a ƙarƙashin rumfar kwano, ni ke share aji ni ke bin iyaye gida gida. Da makaranta ta yi ƙarfi aka kawo wani yaro mai digiri biyu, wanda a shekaru zan haife shi. A taron malamai, gaban waɗanda na koya wa riƙe alli, ya ɗaga rajistata sama da yatsa biyu ya ce wannan aikin zamanin da ne. Ban ce uffan ba, na ɗauki jakata da kwanon abincina. Har yau in na wuce ƙofar sai in sauya hannu. Saboda haka na san abin da tsohon nan ya ji a Anacha, ba ciwon jiki ne ya fara kashe shi ba.

Hauwa_Kulu:
Allah ya saka miki Maman Grace. Sannu.

Lauya_Kabiru:
Sannu Mama. Amma don adalci, ba duk zargin samarin ne ƙarya ba. Akwai matsala a mishan ɗin Neja. An samu ma'aikatan mishan a Anacha da suka yi wa wata yarinya dukan da ya kashe ta, aka yi shari'arsu a Saliyo a 1882 aka ɗaure su, labarin ya kai har majalisar Ingila. Wasu ma'aikatan sun fi ba ciniki ƙarfi a kan wa'azi. Shi kuma bishop a Ikko yake zaune, sai jirgin 'yan kasuwa ya tashi yake samun hawa kogin, wani lokaci sau ɗaya a shekara. Ga shi da sanyin hali, ya fi son ya ja kunne a ɓoye da ya kori mutum. Shugaba mai tausayi da yawa, na ƙasa da shi su suke jawo masa.

Rabaran_Ishaya:
Haka ne Barista. Sai dai ka tambaya nawa ake biyansu, wane horo aka ba su, kuma da Turawan mishan suka yi nasu laifin a wasu wurare an ce duk farar fata ba su iya shugabanci ba? Laifin mutum biyar aka ɗora wa launin fata. Ita cocin ma ta amsa: a 2014, cikar shekara 150 da naɗa shi, Akbishop na Kantabari Justin Welby ya tsaya a cocin da aka naɗa shi ya nemi gafara kan abin da aka yi masa.

Gaskiya_Ɗaci:
Bayan shekara 122 da binne shi. Sun yi sauri.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a ci gaba da ladabi kamar yadda ake yi. Na goge saƙo biyu da suka koma zagin addini, mai su ya san kansa.

Malam_Tanimu:
Ga wani abin da zai mayar da mu kan tambayar Sadiku. Shi wannan Robinson da ya taya wulaƙanta Crowther, a Lakwaja ya mutu a 1891, yana cikin aikin fassarar Linjilar Matiyu zuwa Hausa. Brooke ma a nan ya mutu a 1892. Don tunawa da Robinson aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, ita ta turo ƙanensa Charles Henry Robinson, shi ma limamin Angilikan, ya iso Kano a ƙarshen 1894, ya koma ya koyar da Hausa a jami'ar Kambirij ya wallafa ƙamus. To ka ga ikon Allah, reshen da ya kai ga bokon Hausa ya bi ta hannun waɗanda suka ture tsohon ne.

Bitrus_Wusasa:
Daga nan kuma sai namu. Bishop Tugwell da Likita Miller suka isa Kano a 1900, Sarki Alu ya ce su fice masa daga gari. Miller ya zauna cikin birnin Zariya, daga baya mishan ta koma Wusasa wajen 1929, cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Na kakana yana nan a akwatin mahaifiyata, bangonsa baƙi ya sha ɗinki da zaren buhu, a shafin farko an jera sunayenmu da ranakun haihuwa da tawada shuɗiya. In ka karanta Hausar ciki sai ka ji kamar tsohon Bazazzagi yana magana.

Zainab_ABU:
Ni ɓangaren marubucin ne ya fi jan hankalina, kuma kun wuce shi da sauri. Mutumin da ya bar ƙasarsu yana ɗan shekara 12 ko 13, ya dawo ya zauna yana bin tsofaffi da masu kiɗa da bokaye yana rubuta kalmomi da karin magana a ɗan littafin aljihu. A 1862 gobara ta cinye gidansa a Ikko, tarin kalmomi da karin maganar da ya shekara 11 yana tarawa suka ƙone tare da fassarorin da bai kai ga bugawa ba. Ya sake farawa. Cikakken Baibul na Yarbanci ya fito a 1884, ba shi kaɗai ya yi ba amma shi ne ginshiƙin, kuma ya tsaya a sa alamar karin sauti a kan wasula. Yarbancin da ake rubutawa yau a kan wannan harsashin yake. Mu da muke rubuta Hausa ba alamar tsawo ba ta karin sauti, "fari" ɗaya ta ɗauki launi da rashin ruwa da farawa, wani lokaci ina jin da mun samu irin wannan nacin.

Ɗan_Gwandu:
A'a Malama Zainab, bar mana Hausarmu haka. Ƙugiyar ƙ da ɗ ma mutane sun kasa sawa a waya, ina ga an ƙara musu ɗigo da sanda a kan kowane wasali.

Baban_Ummi:
Wallahi. Wani ya rubuto min "kofa ta karye", na rasa ƙofa ce ko wata mata ce Kofa.

Issoufou_Damagaram:
Mu nan Nijar da muka taso da rubutun Faransa, "ou" muke sawa a wurin "u", dubi sunana ma. Kowa da Baturen da ya riƙe masa hannu.

Lauya_Kabiru:
Wani abin da ban ga an ambata ba: Herbert Macaulay na jikin tsohuwar naira ɗaya jikansa ne, ɗan 'yarsa Abigail. Wanda ya zame wa Turawan Ikko ƙaya, ya shugabanci jam'iyyar NCNC, ciwon ajali ya kama shi a Kano a 1946 yana rangadi. Gaskiya Ɗaci, wannan ma a cikin girbin yake ko?

Gaskiya_Ɗaci:
Jika ya biya wa kaka bashi ke nan. Ban canza ra'ayi ba, amma na rage masa kaso.

Ndagi_Bida:
Kuma kada a ɗauka zaman kogin nan hutu ne. A 1867 wani basarake mai suna Abokko ya kama shi da ɗansa Dandeson ya tsare, yana neman fansa mai yawa. Wajen kuɓutar da su aka harbi jami'in Ingila da ya zo daga Lakwaja da kibiya mai dafi, ya mutu a cikin jirgin. Bishop guda, ana garkuwa da shi a hanyar Lakwaja. Wasu abubuwan ba yau aka fara ba.

Sadiku_Tudunwada:
Na gode ƙwarai jama'a, na sha karatu. Da ina da lambar dattijon nan da na kira shi mun raba ladan. Sai dai yanzu wata tambayar ta taso min: tunda ya koyi Hausa tun 1841, kuma ya ga ita ce harshen kasuwa a duk kogin, me ya hana shi hawowa Kano da kansa?

Malam_Tanimu:
Hanya a hannun Bida take, kuma Bida a ƙarƙashin Gwandu. Ba ka wuce Etsu sai da yardarsa, shi kuwa ba zai so cinikin Turawa ya tsallake shi ba. Ga tashoshin Anacha da Bonny da Brass suna jiransa a kudu, ga rashin jirgi nasa na kansa shekaru da yawa.

Ustaz_Nura:
Ko da ya zo ma amsar da Tugwell ya samu zai samu.

Rabaran_Ishaya:
Wataƙila. Amma Tugwell bai iya zaman fada irin na tsohon ba, Ustaz. Wanda ya sha zama a gaban Masaba ya san inda ake cire takalmi.

Maman_Grace:
Sadiku, in ka sake bi ta Lakwaja ka sauka ka ɗauko mana hoton makarantar. Ina so in ga ko an gyara rufin.

Sadiku_Tudunwada:
In sha Allahu Mama, ranar Laraba zan koma ɗauko sauran kaya.